Rabin Dutsen Murhu

A garinmu, can ƙasar Damagaram, dutse ba abin kallo ba ne. Da shi muke tuntuɓe in za mu rijiya, da shi muke jifan awaki in sun shiga shanya. Saboda haka da aka kawo ni aure wannan tunga ta kudu da Gure, zamanin da kumandan Nasara ke zaune a Gure kafin babban yaƙinsu na biyu, abin da ya fara ɗaure mini kai ba yaren mutanen ba ne, ba kuma ruwansu mai ɗanɗanon kanwa ba. Kwana uku na yi ina neman ɗan dutsen da zan goge kaushin ƙafata, ban samu ba. Duk inda ka juya rairayi ne, tudu bayan tudu, sai kwari ɗaya a tsakiya mai goruba da dabino da 'yan lambuna.

Mijina safarar gishirin mangul da kanwa yake yi a kan takarkari, ta garinmu hanyarsa take bi. Ni na gan shi na ce ina so, iyayena suka ce Allah ya sa alheri. Ban tambayi yadda garinsu yake ba, don yarinya in tana so ba ta tambaya.

Gidajen tungar ba su kai ashirin ba, kuma babu ɗakin ƙasa ko ɗaya. Lakar kwarin kanwa ce a cikinta, in an yi bango da ita ruwan farko zai narkar da shi. Don haka komai na itace ne da ciyawa. Maza su kafa sanduna a zagaye, su ɗaure da igiyar kaba, su kewaye da zana, sannan su haɗa tsaiko a ƙasa, su yi masa jinka, su taru su ɗaga shi su kifa. Darnin gida na karan gero ne. Kwana biyu ya isa a ta da gida, kuma ɗan lokaci kaɗan ya isa wuta ta cinye shi. Ni da na tashi a ɗakin ƙasa mai kauri, daren farko da iska ta motsa zana na zaci wani ne ke leƙe.

Mahaifin mijina ne ya kafa tungar, shi da surukata. Daga gindin duwatsun Gure suka taso, bayan gonar gidansu ta yi wa 'yan'uwa kaɗan. Takarkari ɗaya gare su da awaki biyu, mijina kuwa yana goye. A kan takarkarin akwai irin gero, da hauya, da tabarma, da duwatsun murhu uku. An ce da suna barin gari mutane suka yi ta dariya, wai ga mutumin da ya bar tulu ya ɗauki dutse. Shi dai ya riga ya leƙo wurin, ya san babu abin da matarsa za ta ɗora tukunya a kai. Shekara uku suka yi su kaɗai kafin wasu su biyo baya, a ta huɗu ya rasu.

Duwatsun nan uku su ne kaɗai duwatsun murhu a tungar. Sauran mata curin laka suke yi, su shanya, su girka tukunya a kai, bayan wata biyar ya ruguje su sake wani. Babu namijin da zai ɗora wa takarkarinsa dutse daga tafiyar kwana biyu, a yi masa dariyar da aka yi wa wancan. Daga nan kuma al'adar tungar ta samo asali. Duk wanda ya zo ya kafa sabon gida, tuwonsa na farko a kan duwatsun surukata za a tuƙa shi, sannan a ɗebi garwashi a kasko a kai wa matarsa ta hura wutarta da shi. Sai an yi haka ake cewa ya zama ɗan gari.

Surukata doguwa ce siririya, da zanen Barebari a kumatunta. Inna nake ce mata in ta kama, amma ba ta cika kamawa ba. Kunyar surukai a lokacin ba irin ta yanzu ba ce da za ka ga matar ɗa ta miƙe ƙafa tana hira da uwar miji. Ba na ci a gabanta, ba na dariya a gabanta, in ta shigo na sunkuyar da kai. Ga shi ita Barbarci take yi a gida, Hausarta ta kasuwa ce, ni kuma Barbarcina bai wuce gaisuwa ba. In tana da magana da ni, maƙwabciyarmu take gaya wa, wata gajeriyar mata 'yar Gidigir mai bakin tsiya, wadda in an ba ta saƙo ɗaya sai ta ƙara biyu nata. Ban san ko Inna tana sona ko haƙuri kawai take yi da ni ba, kuma wannan rashin sanin ya dame ni ƙwarai. Ni dai ina sonta. Ina son yadda take tafiya ba ta waiwaye, da yadda take yi wa awaki magana a hankali.

Da na cika wata huɗu, maƙwabciyar ta leƙo ta ce, "Ke 'yar Damagaram, an ce daga gobe girki naki ne. A kan duwatsun, ba a kan laka ba. Ni shekarata goma sha a garin nan, sai ranar baƙi nake taɓa su. Allah dai ya ba mu sa'ar mutanen yamma."

Na ji daɗi har na kasa ɓoyewa. A gefen murhun akwai wata tsohuwar ƙwarya kullum cike da rairayi. Na ɗauka ta wanke tukwane ce, da ita nake goge gindin tukunya, kullum kuma sai in tarar an sake cika ta. Ba wanda ya gaya mini amfaninta, don ba wanda ya zaci akwai mai hankalin da sai an gaya masa.

Da bazara mijina ya yi kudu da mangul, tafiyar wata guda. Wata rana da hantsi ya dubi ludayi, Inna tana kwari tana ban ruwan albasa, ni ina dafa wake. Wutar ta daɗe tana ci, duwatsun sun yi zafi sosai. Sai guguwa ta tsallako darni ta faɗo tsakar gida, ta kwashi tartsatsi ta watsa a jikin zanar ɗakin Inna. Na ga hayaƙi ya fara tashi daga ciyawar. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: na sunkuci tulun da na ɗebo ɗazun, ruwan da sanyinsa, na watsa wa zanar, sauran na juye shi gaba ɗaya a kan murhu. Wutar ta mutu. A cikin tururin na ji wani abu ya ce ƙas. Da tururin ya wuce, na ga babban dutsen, na bayan, ya rabe biyu.

Wallahi abin da ya fara zo mini a rai shi ne in leƙa waje in ɗauko wani. Har na kai bakin ƙofa, na ga tudun rairayi, sannan na tuna inda nake. A nan ne na gane amfanin ƙwaryar. A ƙasar nan da rairayi ake kashe wuta, ko yaro ya san wannan.

Da ina da wayo da na ɗauki ɓarayen biyu na sauka kwari na durƙusa gabanta. Amma tsoro ba ya barin mutum ya yi wayo. Na ga ana ɗora ni a kan jaki ana mayar da ni garinmu, na ga matan tunga suna nuna ni da baki, wai ga wadda ta fasa abin da ya shekara kusan talatin ba wanda ya fasa. Na zagaya ta bayan lambuna na ɗebo laka, na kwaɓa da toka, na haɗa ɓarayen na shafe tsagar, na goga baƙin tukunya a kai, na juya wajen tsagar ciki. Zanar da ta ɗan babbake kuwa na jingina mata tabarma. Kafin Inna ta dawo wake ya nuna.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina girki da ƙaramar tukunya, ina karkata nauyinta kan sauran biyun. Abinci ya daina shiga cikina. Inna ta lura na rame, ta zaci kewar gida ce ko kuwa ciki ne, sai ta fara ajiye mini dabino a kan tabarmata in ba na nan. Uku, wani lokaci biyar, masu laushi, na bishiyar da ba ta ba kowa. Kowane ɗaya na ci sai na yi kuka, amma ban bar ko ɗaya ba, kada ta ga kamar na raina.

Ana haka wasu baƙi suka sauka daga wajen Bune, mutum da matarsa da 'ya'ya uku da wani tsohon jaki. Fara ce ta cinye musu gero, suka ji an ce akwai fili a kwarinmu. Maza suka taru suka ta da musu ɗaki cikin kwana biyu. Rana ta uku da la'asar mata suka cika gidanmu don tuwon baƙi, kowace da ɗan geron da ta iya kawowa, don shekarar ba ta yi wa kowa yalwa ba. Aka fito da babbar tukunya, wadda sai mata biyu ke ɗaukarta. Ina tsaye ina kallo aka ɗora ta. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ce a raina wataƙila lakar ta riƙe.

Ta riƙe har ruwa ya tafasa, ta riƙe har aka yi talge. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Maƙwabciyarmu ce ta karɓi muciya, ta kafa ƙafa tana tuƙi da ƙarfinta duka tana ba mata labari. A tuƙi na nawa ne ban sani ba, dutsen ya buɗe, rabi ya yi nan rabi ya yi can, tukunya ta kife gefe. Ta yi tsalle ta tsira da ƙafarta, amma fiye da rabin tuwon ya malale a rairayi. 'Ya'yan baƙin suna zaune a bakin darni da akushinsu, su ne na fara kallo.

Maƙwabciyar ta sunkuya ta ɓanɓaro busasshiyar laka daga jikin dutsen, ta murje ta da yatsa, ta ɗago kai ta ce, "Wannan ba yau ya fashe ba. Wa ya zuba wa dutsen nan ruwa?"

Na ce, "Ni ce."

Inna ba ta dube ni ba. Ta sa gefen zaninta ta ɗauki ɓari ɗaya, ta juya shi, ta ajiye, ta ɗauki ɗayan. Ta faɗi wata gajeriyar magana da Barbarci, ta shige ɗakinta ta saki tabarmar ƙofa. Mata suka kawo curin laka suka tokare tukunyar, aka ƙarasa abin da ya rage, aka ba yara. Da aka miƙa wa matar baƙon kaskon garwashi, na ji tana tambayar ta kusa da ita ko wannan alama ce ta kada su zauna.

Da kowa ya watse maƙwabciyar ta tsaya. Ban taɓa ganinta ba ta tsokane ni ba sai ranar. Ta ce, "Kayya, 'yar nan. Abin da ya rage mata na mijinta ke nan. Takarkarin ya mutu, ɗakin farko gara ta cinye, hauyar ta ƙare. Da kin faɗa tun ranar, da da sauƙi. Da ni ce ke, da na ɗaure kayana, kada a ce mini ɗaure."

Na tambaye ta abin da Inna ta ce kafin ta shiga ɗaki. Ta ce, "Cewa ta yi a ba yaran nan abinci."

Na ɗaure kayana. Ba su da yawa, zannuwa uku ne da kwalla da tasa. Abin da ya fi ci mini rai ba kunyar komawa gida ba ce. Sai da na ɗaure kayan na gane ba na son barin wannan wuri mai ruwan kanwa, kuma ba na son barin matar da ko hira ba mu taɓa yi ba.

Washegari rana ta ɗan ɗaga, ina zaune a ɗaki ban san ko in hura wuta ko in bari ba, sai inuwa ta rufe ƙofa. Inna ce, wadda tun da na zo ba ta taɓa tsayawa a ƙofata ba. Ta yi mini magana da Hausa, ba ta aiko kowa ba.

"Ɗauko rabin nan, babban. Ki biyo ni."

Na yi gammo na ɗora shi a ka. Na zaci hanyar yamma za ta nuna mini, in tafi da abin kunyata. Amma gabas ta yi. Muka ratsa lambuna, muka wuce rijiyoyi, har bakin kwarin inda wata tsohuwar goruba mai rassa huɗu take tsaye ita kaɗai. Ta dafa ta tana mayar da numfashi.

Ta ce, "Nan muka ɗaure takarkari ranar da muka zo. Nan na fara girka duwatsun. Kwana tara muka yi a gindinta kafin ya gama ɗaki." Ta nuna tudun da ke gabanmu da haɓa. "Can yake. Lokacin babu makabarta, shi ne na farko da ya mutu a garin. Mutum huɗu suka binne shi, duka sun tafi, biyu lahira, biyu wani gari. Daga baya aka ga rairayin nan yana tafiya, aka mayar da makabarta yamma. Shi aka bar shi a nan."

Na gyara zaman dutsen a kaina.

"Ranar da aka binne shi, da maza suka koma, na zo na taka daga gorubar nan. Taki ɗari da arba'in, fuskata a gabas. Na kafa itace. Gara ta ci, na kafa wani. Yara masu neman makamashi suka cire, na kafa wani. Shekara huɗu ke nan iska ta binne na ƙarshe. Na zo na taka ɗari da arba'in, na tona, babu. Na sake zuwa, babu." Ta dubi ƙafafunta. "Ƙafar ce ta tsufa. Takina na yau ba na ran nan ba ne. Ban san nawa ya ragu ba."

Sai ta dube ni tun daga kai har ƙasa, karon farko da na ga idonta sosai. Ta ce, "Tsawonki tsawona ne a lokacin. Tun ranar da aka kawo ki na gani. Jingina bayanki da gorubar, ki yi tafiyarki ta zuwa rijiya. Kada ki yi sauri, kada ki yi yanga."

Na jingina, na fuskanci gabas, na fara takawa. Ina ƙirgawa da Hausa a zuci, tana biye da ni tana ƙirgawa da Barbarci a fili. Rairayin yana zamewa a ƙarƙashin ƙafata, dutsen yana danna wuyana, ni kuwa addu'a ɗaya nake yi, Allah kada ka sa in sake ɓata wa matar nan abu. A ɗari da arba'in muka tsaya tare. Babu komai a wurin sai rairayi da sawun ƙadangare.

Na sauke dutsen muka durƙusa muna tono da hannu. Na kai gwiwar hannu, babu komai. Na matsa dama kaɗan na sake tonawa, rairayin yana komawa ina fitarwa. Inna ta gaji ta zauna, na ga ta fara karkaɗe hannunta kamar mai shirin tashi. A rami na uku yatsana ya taɓa wani abu mai tauri. Na share gefensa. Guntun itace ne baƙi, ya ruɓe, da ragowar igiyar kaba a ɗaure a wuyansa.

Ta matso da rarrafe ta kama igiyar, ta duba ƙullin. Ta yi magana da Barbarci a hankali, irin muryar da take yi wa awaki. Ban san kalmomin ba a lokacin, amma na san ba da ni take ba. Na kau da kai na bar su. Da ta gama ta yi addu'a, na shafa tare da ita, sannan muka kafa rabin dutsen a gurbin itacen, wajen baƙin yana sama.

Muna zaune ta ce, "Na taɓa roƙon mijinki ya kawo mini dutse daga Gure. Ya ce to. Kowace shekara sai ya ce to. Na bari, don ko ya kawo, baƙon dutse ne, bai san mutumin ba. Waɗannan kuwa shi ya ɗora su da hannunsa. Sau nawa na zauna ina kallonsu ina cewa in ɗauki ɗaya. Amma tukunya ba ta zama a kan biyu, kuma masu rai ne ke jin yunwa." Ta share fuskarta da gefen mayafi. "Jiya na yi fushi, ko ruwa ban sha ba. Da asuba na fito na dube su, na ga sun zama huɗu."

A nan kukan da nake riƙewa ya ƙwace. Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Fasawar ba komai, wuta kika kashe. Na ɗaga tabarmar da kika jingina, na ga zanar. Lakar ce ta ɓata mini rai, ita ta zubar da tuwon yara. Gobe in kin fasa abu, ki kawo mini shi a fashe." Sannan ta harare ni ta gefen ido. "Ƙwaryar rairayin nan da nake cika miki kullum, ke a zatonki ta ado ce?"

Dariya ta kama ni a tsakiyar kuka, na rufe baki da sauri don a gaban suruka nake. Ita ma na ga kafaɗarta tana motsi.

Da muka koma gida ta leƙa ɗakina ta ga ƙullin kayan. Ta ce, "Kwance wannan. In kin tafi wa zai taka mini?" Da yamma ta aike ni da kaina in kai wa matar baƙon ƙwaryar gero, in ce mata dutse ne ya tsufa, ba su ne suka zo da wani abu ba. Suka zauna, jikokinsu suna nan har yau.

Ƙaramin rabin muka tokare shi da laka ya koma ƙarƙashin tukunya. Da mijina ya dawo ya ji labari, bai yi mini faɗa ba, kansa ya sunkuyar, ya ce in kai shi wurin. Tun daga nan kowace kaka, in an gama yankan gero, ni da Inna mukan je. In rairayi ya rufe dutsen in taka, in tona, in share shi. Ba mu zama ƙawaye ba, kada wani ya yi zaton haka. Har ta rasu ban ci abinci a gabanta ba. Amma ta daina aiko maƙwabciya, abin da ya ɓata wa maƙwabciyar rai ba kaɗan ba, kuma a bakinta na koyi Barbarci.

Shekara shida bayan haka ta kwanta ciwo da sanyin hunturu, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa da safe. Maza suka yi shirin kai ta makabartar yamma. Na kira mijina gefe na gaya masa abin da ta bar mini, cewa kusa da shi take so. Liman ya ce babu laifi in an san wurin. Suka ɗauki hauya da magirbi suka tafi, jim kaɗan suka aiko a kira ni, don iskar shekarar ta shafe tudun sumul. Na tarar da dattawan gari tsaye a gindin goruba, har da waɗanda aka haifa a tungar, suna jiran baƙuwar da aka kawo daga Damagaram ta nuna musu inda mai garin yake kwance. Na jingina bayana, na taka ɗari da arba'in, na sa hannu. A ramin farko na taɓa shi.

Mata ba sa tsayawa binnewa, sai na koma gida. Tukunyar kunun masu zaman makoki tana kan wuta. Na sauke ta, na janye itacen, na zuba rairayi daga ƙwaryar, na sa zani na ciro ƙaramin rabin. Da aka fito da ita za a tafi, na tari mijina a bakin darni na miƙa masa. Ya karɓa ya rungume shi a ƙirji, ya dube ni ya ce, "Da ɗuminsa." Na ce haka za a kai mata.

A tafiyarsa ta gaba ya biya ta gindin duwatsun Gure ya ɗoro dutse ɗaya a kan takarkari, abokan tafiyarsa suna yi masa dariya har gida. Na girka shi da sauran biyun, na ci gaba da tuƙa tuwon baƙi a kansu har lokacin da mutane suka yi yawa, kowa ya fara hura wutarsa da ashana ba tare da ya tambayi kowa ba.

Yanzu tungar ta zama gari, akwai ɗakunan siminti da kwano, kamyo, babbar motar nan, yana zubar da tsakuwa a bakin hanya yara suna wasa da ita. Gorubar tana nan, reshe ɗaya ya karye. Bara bayan kaka na je ni kaɗai kamar yadda na saba, na taka ɗari da arba'in, na tona har rami huɗu, babu komai. Na zauna a rairayin na daɗe ina kallon ƙafafuna. Washegari na jera jikokina mata a jikin darni ina dubansu, suna ta dariya sun zaci rikicin tsufa ne. Na zaɓi ɗaya, doguwa, mai rawar kai, wadda ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba. Na ce ta jingina bayanta da gorubar ta yi tafiyarta ta zuwa rijiya, ina biye da ita ina ƙirgawa da Barbarci.

Da ta share rairayin ta ga duwatsun biyu, tsakaninsu bai wuce kamu uku ba, ta ce, "Kaka, wane irin dutsen kabari ne wannan, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya?"

Na ce ta koma gindin gorubar ta sake takowa tukuna, sannan in gaya mata.